ABIN DA KURAME SUKA JI

Shafi na 12

Masu cewa da gangan Damira ta yi, da masu cewa tsautsayi ne, kun hana wayata hutawa tun jiya. Ni ba zan raba muku gardama ba. Ga ta can ta isa wurin aiki, ku bi ta.

*

Ba wanda ya amsa gaisuwarta yadda ya saba.

Mai gadin gidan talabijin ɗin, wanda kullum sai ya kira ta eje, wato yaya, ya tsokane ta da "Damira eje, yau me hannu zai ce mana?", yau rajista kawai ya turo mata yana kallon wani wuri.

Ta karkaɗe ƙanƙarar da ta zubo mata a kafaɗa, ta sa hannu, ta wuce.

A ɗakin shan shayi mutum biyar ta tarar a teburin da take zama. Tana ajiye kofinta, wannan ya tuna zai buga waya, wancan ya tuna ana jiransa a sama. Kafin shayinta ya huce, daga ita sai farantin borsok, soyayyen fulawa irin cincin, da suka bari.

Ta saba cin abinci ita kaɗai, a gida ma haka ne tun rasuwar iyayenta. Amma ba a taɓa tashi an bar mata tebur ba.

Talabijin ɗin da ke jikin bango yana maimaita muhawarar jiya, ta 'yan takara biyu masu neman kujerar majalisa a yammacin birnin Bishkek.

Ga Burul eje, injiniyar da ta yi shekara talatin tana bin bututun ruwan zafin da ke ɗumama gidajen birnin. Tabarau yana zamo mata, takardu sun cika mata hannu, tana karanto lambobi kamar mai kiran suna a layin asibiti.

Ga Ermek mirza, kamar a ce Malam Ermek. Ko ƙyallen takarda bai riƙe ba. Ya baro bayan teburinsa ya tako har gaban kyamara, hannu a ƙirji.

Ga kuma Damira a ɗan akwatinta na ƙasan allo, cikin baƙar riga, tana mayar wa kurame maganar da hannu.

Aka zo kan gidan kurame, tsohon benen nan da ke bayan tashar jirgin ƙasa, wanda ake raɗe-raɗin za a rushe. A nan aka haifi Damira, ita mai ji, iyayenta kurame.

Burul eje ta ce ginin lafiyarsa ƙalau, rufi ne da bututu biyu suka lalace. Ta faɗi tsawonsu, ta faɗi kwanakin da gyaran zai ci. Ƙararrawa ta katse ta tana tsakiyar magana. Wani cikin 'yan kallo ya yi hamma.

Ermek mirza ya runtse ido, ya buɗe a hankali.

"Gida ba bulo ba ne, 'yan'uwana. Gida zuciya ce. Kuma tawa a buɗe take."

Zauren ya ɗauki tafi.

A hannun Damira maganar ba ta wuce abu uku ba: gida, zuciya, buɗe. Babu za a rushe, babu ba za a rushe ba.

Daga nan maimaicin ya yanke ya koma talla. Sun cire ƙarshen.

Ƙarshen kuwa shi ne ya hana ta barci. An gama muhawara, kiɗa ya tashi, sunayen ma'aikata suna hawa allo, an kashe wa masu kallo sautin zaure. Amma sautin makirfon Ermek mirza yana nan a na'urar kunnenta, ɗan akwatinta kuma ba a sauke shi ba. Yana murmushi, yana ɗaga wa jama'a hannu, ya karkata ya ce wa manajan yaƙin zaɓensa:

"Gidan kuramen nan an gama maganarsa tun watan jiya. Bayan zaɓe a kwashe su. Wa za su yi wa ihu?"

Shekara goma sha tara tana tafinta. Hannunta bai tsaya neman izini ba. Sai da ta kai ƙarshen maganar sannan ta gane abin da ta faɗa.

Masu ji ba su ji komai ba. Kurame kuwa sun gani kaf. Kafin gari ya waye wani ya ɗauki wurin a waya, ya rubuta fassarar a ƙasa, ya saki.

"Damira." Sakatariya ce daga bakin ƙofa, ba ta ko shigo ba. "Kubat baike yana kira."

*

"Zauna."

"A tsaye ma ya yi, baike."

"Na ce ki zauna, wuyana ke ciwo."

Ta zauna. Kubat, shugaban sashen labarai, wanda suke kira baike, wato babban yaya, ya turo mata takarda da ɗan yatsa ɗaya.

"Ƙarfe biyar, kafin labarai. Minti ɗaya tak. Ki faɗa da baki, ki kuma faɗa da hannu."

Ta karanta. *Saboda gajiya da hayaniyar na'ura, na fassara abin da ba a faɗa ba. Ina neman afuwar ɗan takara...*

"An faɗa, baike."

"Wa ya ji?"

"Ni."

"Sai wa?"



"A ɗauko faifan sautin mana," ta ce.

"Faifan ya tsaya inda kiɗa ya fara. Na duba da kaina." Taga yake kallo lokacin da ya faɗa.

"Mutanen Burul eje ba su kira ba?"

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Sun kira. Wai a gyara, ta ce bututun mita tamanin ne, ashe tamanin da biyar ne. Shi ne damuwarta! Ke, mun tura yara titi da safe, cikin mutum goma takwas sun ce Ermek ya ci. Ta tara ta ce kwat ɗinsa ya yi masa kyau. Na goma bai kalla ba."

"Abin da ya faɗa fa?"

"Ba wanda ke kallon muhawara don abin da aka faɗa. Ke kaɗai ce a ƙasar nan ake biya ki saurara." Ya cire tabarau ya murza ido. "Damira, ni na ɗauke ki aiki. Ranar da aka binne mahaifinki ina cikin masu zuba ƙasa. Idan ba ki karanta wannan ba, ba ni da yadda zan yi da ke. Ba a nan kaɗai ba, ko kotu, ko asibiti, ba mai sake kiran tafintar da aka ce tana ƙirƙirar magana."

Ta naɗe takardar biyu.

"Ermek yana nan," Kubat baike ya ce, ya rage murya. "Ya ce ke kaɗai yake son gani. Yana ɗakinki."

*

Ɗakin nata ba ɗaki ba ne sosai. Taku uku ne tsawonsa, babu taga, koren ƙyalle a bango, kyamara ɗaya a kashe an rufa mata mayafi. Tunda ta fara aiki ba ta taɓa yin baƙo a ciki ba.

Yana zaune a kan kujerarta ɗaya tilo. Ya miƙe da sauri ya ba ta.

Kusa da kusa bai kai tsawon da ake gani a talabijin ba, kuma babu hodar da ake shafa masa. Amma murmushin yana nan yadda yake.

"Ƙanwata. Kin sha wahala jiya. Awa ɗaya da rabi a tsaye, wa ba zai gaji ba?"

"Ban gaji ba, Ermek mirza."

"To na'ura ce."

"Na'urar ma ba ta gaji ba."

Ya yi dariya, har da ɗan tafi.

"Da ke na yi muhawara da na sha kashi! Gaya min gaskiya, tsakaninki da Allah, lokacin da Burul eje ke karanto mitocinta, mutanenki sun kalla?"

Ta san amsar. Matan gidan kurame sun fi wata guda suna manna hotonsa a ƙofofinsu. Suna cewa wannan fuskarsa tana magana, waccan kuwa kullum takarda ta rufe mata baki.

"Kin gani," ya ce. "Matar nan ta san kowane bututu a birnin nan da sunansa. Na yarda ta fi ni sani, nesa ba kusa ba. Amma wa ya ji ta? Mutum ya dawo aiki a gajiye, ya kunna talabijin, so yake wani ya kalle shi a ido. Ni na kalle shi."

"Ka kalle shi, ba ka gaya masa komai ba."

"Ya tafa min kuwa."

"Ni ba tafi nake fassarawa ba."

Murmushin ya ɗan ja baya. Ya dubi takardar da ke hannunta.

"Za ki karanta?"

"A'a."

Ya juya ya kalli ƙofa. Ta ƙasanta ana ganin inuwar takalma, manajansa ne ko Kubat baike, ko duka biyun. Ya tako ya jingina bayansa da ƙofar.

Sai ya ɗaga hannayensa biyu.

Ya kama leɓatun kunnensa na dama da yatsa biyu, ya ja sau biyu.

Takardar ta faɗi daga hannun Damira.

Wannan sunanta ne. Ba wanda aka rubuta a takardar haihuwa ba, wanda kurame suka raɗa mata tana rarrafe: Mai Kunne. Ba wanda ya san shi a wajen benen nan.

Daga nan ba wanda ya sake buɗe baki a cikinsu. Duk da hannu ne.

"Kin girma, Mai Kunne. Har yanzu kina cije leɓe idan kin yi fushi."

Ba maganar hannu ta makaranta ba ce, irin wadda 'yan siyasa ke koyon kalma biyu don a ɗauke su hoto. Ta gidan ce, mai sauri, mai cinye rabin kalma, irin ta tsofaffin hawa na uku.

"Wane ne kai?"

Ya matso ƙarƙashin fitila, ya ja ɗan yatsa a kan girarsa ta hagu. Wani siririn tabo ne a wurin, fari, wanda hoda ke ɓoyewa.

Mai Tabo.

Yaron da ya faɗo daga matattakala yana ɗan shekara shida. Su biyu ne kaɗai masu ji a duk gidan. Su ake tasowa idan an ƙwanƙwasa ƙofa, su ake tura wa likita, su ake tura wa ɗan sanda. Yana shekara tara kawunsa ya zo daga garin Karakol ya tafi da shi, ita tana da bakwai. Ta yi sati tana zama a matattakalar nan, ba wanda za ta yi wa magana da baki.

"Ɗan Sonun apa," ta yi da hannu.

Ya gyaɗa kai.

"A talabijin ka ce kai maraya ne."

"Sunan kawu nake amfani da shi. Ba wanda ya taɓa tambaya."

"Ta ce min kana Rasha! Ta ce aikin gini kake, ba ka samun hutu!"

"Ni na ce ta faɗi haka."

Damira ta dafa bayan kujera. Shekara shida ke nan, tun da mahaifiyarta ta bi mahaifinta, duk ranar Lahadi a ɗakin Sonun, tsohuwar kurmar da suke kira apa, wato inna, take cin abinci. Ita ke yanka albasa, tsohuwar na murza taliya. Wannan ne kaɗai teburin da ake ajiye mata cokali a duniya. Hotonsa yana manne a bangon ɗakin, ta ɗauka irin na sauran matan ne. Ranar nan ma har ta tsokane ta: "Apa, ke ma kyakkyawan ya tafi da ke?" Tsohuwar ta yi dariya ta ƙara mata nama.

"Tana hawa na uku," Damira ta yi. "Ɗaki na talatin da ɗaya. Da ita za a kwashe?"

"Na tanadar mata gida. Mai ɗumi, mai baranda."

"Sauran fa? Mutum saba'in da huɗu."

"Za a san yadda za a yi da su."

"Wannan amsar ta kyamara ce. Ni ka ba ni ta hannu."

Fuskarsa ta canja. Hannayensa suka fara sauri, har tana jin ƙarar yatsunsa suna bugun juna.

"Ke kin ji daɗin gidan nan? Ina shekara biyar na tsaya gaban likita na gaya wa uwata cewa jaririyarta ta mutu. Ni na faɗa mata, da wannan hannun! A kasuwa yara na bin mu suna kwaikwayonta kamar biri, ni ina jin dariyar, ita ba ta ji, tana yi musu murmushi. Duk sanda na wuce benen nan sai in kau da kai. Kar ki ce ke ba ki taɓa fatan ki farka a wani gida ba."

Ta taɓa. Ba sau ɗaya ba.

"Amma ni ban ce wa za su yi wa ihu ba," ta yi.

Ya sauke hannu.

Yanzu ta gane abin da ya sa ba a iya ɗauke ido daga kansa a talabijin. Girar nan da ke tashi kafin magana ta fito, idon da ba ya kaucewa, kafaɗar da ke karkatowa wajen mutum. Duk ɗan da kurma ta raina haka yake.

"Fuskar Sonun apa ce," ta yi. "Ita ka ɗauka kake cin zaɓe da ita."

Bai musa ba.

"Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa."

"To me kake nema a wurina?"

"Ta kalla jiya. Ba ni take kallo ba, ke take kallo, don ta san abin da ɗanta ke cewa. Ta ga komai. Na aika mata saƙo ya fi ashirin. Tana buɗewa, ba ta amsawa. Shekararta saba'in da shida, zuciyarta ba lafiya, kin fi ni sani. Ki bar zaɓe, ki bar kujera. Ki ce kuskure kika yi don ta samu abin riƙewa. Ni kaɗai gare ta, Mai Kunne."

Idonsa ya kawo ruwa.

Damira ta tsaya tana kallonsa. Tun tana goye take karanta fuska, ba a taɓa yi mata ƙarya da fuska ta kasa ganewa ba. Yau ta duba, ta sake dubawa. Ta kasa sanin ko ɗan Sonun apa ne a gabanta ko ɗan takara.

Aka buga ƙofa da ƙarfi.

Ermek ya zura hannayensa a aljihu. Kafin ƙofar ta gama buɗewa murmushin ya dawo wurinsa.

Kubat baike ne, manajan yana bayansa, sai wata 'yar jarida da mai ɗaukar hoto.

"Ku yi haƙuri, mirza. Wata tsohuwa ce, kurma, tun safe take bakin ƙofa a cikin sanyin nan. Masu gadi sun kore ta ta ƙi tafiya. Ga abin da take nuna wa kowa."

Ya ɗaga wani yagaggen kwali. An rubuta DAMIRA da manyan baƙaƙe, a karkace.

"Ta nuna kyamara, ta nuna kanta. Na ce gara mu ji ta bakinta kafin wasu su riga mu."

Suka matsa gefe.

Sonun apa ta shigo da sandarta, farin ɗankwalinta ya jiƙe, takalmanta duk laka. Ƙaramin ɗakin ya cika. Ta wuce ɗanta kamar ta wuce ginshiƙi, ko gefen ido ba ta ba shi ba.

Damira ta dube shi. Jini ya bar fuskarsa. Ko kuwa haka yake so ta gani.

"Apa," ta yi da hannu, "me ya fito da ke a wannan sanyin? Zauna."

Tsohuwar ta ture kujerar. Ta jingine sandarta a bango don hannayenta biyu su samu sarari. Mai ɗaukar hoto ya saɓa kyamara a kafaɗa, fitila ta haska.

"Ki zama bakina," ta yi. "Duk abin da na faɗa ki faɗa musu da ƙarfi. Kar ki rage ko ɗaya."

"To, apa."

"Ki rantse."

"Na rantse."

Sonun apa ba ta kalli idonta ba. Maɓallin rigarta take kallo. A wurin kurma, wannan daidai yake da toshe kunne.

Hannayen suka tashi, tsofaffi, masu kumburin gaɓa, waɗanda ke zuba mata miya duk Lahadi.

"Ki ce musu ni na san yarinyar nan tun tana tsumma. Ki ce tun tana ƙarama take ƙara gishiri a magana. Ki ce mu mutanen gidan ba mu yarda da ita ba."

Hannun ya tsaya a iska. Sannan ya nuna Ermek, ba tare da ta juya ba.

"Ki ce ƙarya ta yi wa wannan bawan Allah."



Mutum uku ne kaɗai a ciki suka san abin da aka faɗa. Ɗaya ba ta da murya. Ɗaya hannunsa na cikin aljihu, yana kallon ƙasa.

'Yar jaridar ta miƙo makirfo har gaban bakin Damira.

Kubat baike ya gyara tsayuwa.

"Ke muke jira, Damira. Me tsohuwar ta ce?"